KUJERAR MAGAJIN GARI DA AMANAR DUKIYAR JAMA'A

Godiya ta tabbata ga Allah Mamallakin mulki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Ɗan Issa da kewaye, muna son mu yi wa junanmu nasiha game da kujerar da ta fi kowace kusa da mu, wato ta ƙaramar hukuma. Dattawanmu ba su manta da zaɓen watan Fabrairun 1999 ba, wanda 'yan adawa suka yi rinjaye a wurare da yawa, Kotun Ƙoli ta soke wani sashe na sakamakon, ƙasa ta ɗauki zafi, har aka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara ranar 9 ga Afrilun shekarar. Sai a ranar 24 ga Yulin 2004 muka zaɓi kansalolin da suka zauna suka fid da magajin gari daga cikinsu. Aka sake a 2011, aka sake a ranar 13 ga Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumar soja ta rushe waɗannan majalisu a watan Afrilun 2024, ta naɗa kantomomi. Ma'anar aya ta 26 cikin Suratu Ali Imrana, cewa bayar da mulki da karɓe shi duk a hannun Allah suke, mun gan ta da idonmu a bakin hanyar nan ta Maraɗi zuwa Jibiya.

To amma akwai abin da bai canza ba. Mai sayar da gero yana biyan tikitin kasuwa, mai gida yana biyan lanho, mai mota yana biya a tasha. Wannan kuɗi ba na jam'iyyar da ta ci ba ne, ba kuma na wanda ya sa hannu a takardar naɗi ba. Na marayan da ke jiran aji ne, da matar da ke jan guga a rijiya mai zurfi. Wanda ƙuri'a ta kawo da wanda aka naɗo, tambaya ɗaya ke jiransu gaban Allah.

Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya aiki wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya komo sai ya ware wani kaso, ya ce kyauta ce aka yi masa. Annabi bai ja shi gefe ba. Mumbari ya hau, ya nuna wa jama'a cewa da mutumin nan ya zauna gidan iyayensa da babu mai kai masa komai, kuma abin da ma'aikaci ya ɗauka ta wannan hanya zai zo ɗauke da shi ranar Alƙiyama. Ku duba, ya 'yan'uwa, Sahabi ne, amma an yi masa lissafi. Ina ga waninsa? Ragon da ɗan kwangila ya kai gidan mai riƙe da hatimi, da buhun shinkafar da ake saukewa da dare saboda a kau da ido, sunansu ɗaya a shari'a, ko da an kira su gaisuwa. A garin iyaka irin namu, inda kaya ke ratsawa dare da rana, wannan ƙofa a buɗe take ƙwarai.

Wanda ya sauka, wajibi ne ya miƙa littattafan kuɗi da takardun filaye da babur ɗin aiki cikakku. Ɓoye su don wanda ya gaje shi ya ji kunya cutar da talakawa ce. Wanda ya hau kuma, kada ya ƙwace rumfar wani a kasuwa don ya san inda ya jefa ƙuri'arsa, kada ya bar gyaran famfon wani ƙauye don 'yan can ba su yi shi ba. Aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai mu ga barin adalci.

Mu ma talakawa da namu. Wanda ya karɓi sabulu ko atamfa ya ba da ƙuri'a ya sayar da shaidarsa, don haka bakinsa ya yi nauyi ranar tambaya. Abin mamaki, sau da yawa shi ne ya fi kowa zagin shugabanni a majalisar shayi. Akwai kuma 'yan uwa ɗaya uba ɗaya da suka daina gaisawa tun zaɓen 2020. Majalisar da suka ɓata dominta an rushe ta, gabar tana nan. Waɗannan muna kira gare su da su je su nemi juna kafin Juma'a mai zuwa.

Muna roƙon limamai da masu unguwanni da sarakunanmu su riƙa neman a karanta wa jama'a abin da ya shiga asusun gari da abin da ya fita, da Hausa, a fili, cikin ladabi ba da zagi ba. Kowa kuma ya biya abin da ke kansa, ya nemi rasit, ya adana shi.

Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.