Baƙon Salla Da Kiɗan Ƙofar Fada

Duk shekara idan Salla ta gabato, ƙarama ko babba, garin Haɗejiya ya kan cika da 'ya'yansa waɗanda neman abinci ya watsa uwa duniya. Daga Kano da Kaduna, daga Maiduguri da Ikko, motoci su yi ta sauke mutane a tasha, kowa da iyalinsa da ƙunshin tsarabarsa. A cikin yaran da a ke zuwa da su akwai waɗanda ba su taɓa ganin doki da lifidi ba sai a hoto, ba su kuwa san garin kakanninsu ba sai da suna. Saboda haka da zarar an sauko daga Idi an ci abinci, maganar da ke bakinsu ɗaya ce: a kai su ƙofar fada su ga hawan Sarki, su ji tambari da kakaki da algaita, wanshekare kuma a zaga da su gari.

To, a nan ne wata matsala ta kan tashi a gidaje da yawa, ko da ya ke ba a cika faɗinta a fili ba. Wani lokaci mai masauki, watau wan da ya tsare gida, shi ne mai ganin sauraron kiɗa haramun ne, sai ya ɗaure fuska ya ce daga gidansa babu mai zuwa kallo. Wani lokaci kuwa ƙanen da ya zo daga birni shi ne ya yi karatu ya tsananta, yana ganin wansa ya ɗauki hula zai kai yara fada sai ya fara masa wa'azi a gaban iyalinsa. Daga nan magana ta yi tsami, wannan ya ce wa wancan ɗan bidi'a, wancan ya ce wa wannan mai ƙirƙiro sabon addini. Baƙo ya ɗaure kayansa tun bai cika kwana 3 ba, baɗi kuma ya yi Sallarsa can inda ya ke.

Ya kamata a fara da abin da malamai suka ce game da kiɗa, domin kowane ɓangare yana da madogara, ba son zuciya kaɗai ke magana ba. Masu hani suna kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala don ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah, Sahabi Abdullahi ɗan Mas'ud kuwa ya fassara wannan zance da waƙa. Suna kuma kawo hadisin da ke cikin Bukhari wanda ya ba da labarin wasu mutane da za su zo suna halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin, wanda kusan duk almajirin ƙasar nan ya karanta a zaure, shi ma ya hana mutum ya nufi sauraron kayan wasa da waƙa da gangan. Mai bin wannan ra'ayi bai ƙago kome ba.

Amma fa cikin Bukharin nan dai aka ruwaito cewa ranar wata Salla Sayyadina Abubakar ya shiga ɗakin 'yarsa Nana A'isha ya tarar da kuyangi 2 suna rera waƙar yaƙin Bu'asu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kwance ya juya fuskarsa. Abubakar ya tsawata musu, sai Annabi ya ce ya ƙyale su, domin kowace al'umma tana da ranar idinta, wannan kuwa ita ce ta Musulmi. A ranar Idi ne kuma Habashawa suka yi wasa da masu da garkuwa a masallaci, Annabi ya tsaya A'isha tana bayansa tana kallo, bai ce ta koma ciki ba har sai da ita da kanta ta gaji. Wanda ya taɓa tsayawa a rana don wani ya ƙoshi da kallo ya san nauyin wannan tsayuwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan sauraro, inda ya nuna hukuncin yana bin abin da waƙar ta ƙunsa da abin da ta ke tayarwa a zuciyar mai ji. Ibnu Hazmi na Andalus ya wuce nan, ya ce hadisan hanin ba su inganta ba, ko da ya ke malaman hadisi da dama sun yi masa raddi.

Har a ƙasar nan ba a rasa wannan saɓani ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Haɓe a kan shagala da ganguna, amma a rubuce-rubucensa na bayan Jihadi ya sassauta, ya yi ta jan kunnen almajirai kada su yi wa mutane inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya fi shi tsanani a wannan fanni. Wa da ƙane ne, malamai ne manya, ba su dace a kan ra'ayi ɗaya ba, ba a kuwa ji cewa ɗayansu ya fitar da ɗan'uwansa daga addini saboda haka ba.

Idan aka ajiye wannan a gefe ɗaya na ma'auni, sai a dubi abin da ke ɗaya gefen. Wajabcin sa da zumunci babu malamin da ya yi jayayya a kansa. Hadisi ingantacce ya nuna mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba, wani ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, wani kuma ya ɗaura girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya ƙayyade liyafa kwana 3. Mutumin da ya bari gardamar algaita ta raba shi da ɗan'uwansa, ya saki abin da kowa ya yarda farilla ne don ya kare abin da malamai suka rabu a kansa. Ko da ra'ayinsa game da kiɗa shi ne daidai a wurin Allah, cinikin da ya yi na faɗuwa ne.

Wannan ba ya nufin duk abin da a ke yi da sunan shagalin Salla ya halatta. Akwai abubuwan da ba sa bukatar dogon bincike. Wanda ya tsaya kallon jahi tun Azahar har Magariba ta kufce masa, laifinsa ba ya jiran hukuncin kakaki. Haka wanda ya tura kuɗi ga maroƙi don a yi wa abokin gabarsa zambo, ko ya yi ta liƙi don a kira sunan ubansa alhali kuwa mai shagon unguwa yana binsa bashin shinkafar Salla. Haka turereniyar maza da mata bayan faɗuwar rana, da samarin da ke sukuwa cikin taro babu ruwansu da wanda za su take. Gazalin da ya sassauta shi ne ya lissafa irin waɗannan a matsayin abubuwan da ke mai da halal haram. Abin mamaki shi ne gardamar cikin gida ba ta cika taɓa su ba, kullum a kan ƙarar ganga ta ke tsayawa.

To, yaya mai tsantseni zai yi da baƙinsa? Babu mai tilasta masa zuwa inda zuciyarsa ba ta natsu ba, tsantseni kuwa abin yabo ne matuƙar mutum ya ɗora shi a kansa. Yana iya faɗa wa ɗan'uwansa ra'ayinsa sau ɗaya, a keɓe, cikin lalama, sa'an nan ya bar wani babba a gidan ya kai yara su dawo kafin Magariba. Shi kuma baƙon da ya ke ganin babu laifi, ba shi da ikon mai da zauren wansa dandali, ko ya buɗe waƙa a wayarsa don tsokana, ko ya koya wa 'ya'yansa raina baffansu. Gidan mutum yana da alfarma, baƙo kuwa aka ce raɓa ne.

Akwai kuma rabin ziyarar da babu saɓani a cikinsa ko kaɗan, shi ne zaga gari, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Alƙur'ani ya umarci mutane a wurare da dama su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Ɗan Haɗejiya ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya cika wannan umarni. Ya kai yara su ga abin da ya saura na tsohuwar ganuwa, ya gaya musu cewa ta nan ne sojojin Turawan Ingila suka shigo a watan Afrilu na 1906, shekara 3 bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya aka kashe shi da manyan jarumansa, shi ya sa har yau a ke kiransa Mai Shahada. Ya ba su labarin Sarki Buhari, wanda ya ƙi bin umarnin Sakkwato ya girgiza maƙwabtansa har ya rasu a fagen yaƙi a 1863, kada ya ɓoye musu cewa masana tarihi ba su dace a kan yabonsa ba. Yaron da ya ji wannan, idan ya ga 'yan lifidi a hawa zai gane kayan yaƙi ne suka zama na ado, zai kuma san tambarin da ya ji ba don rawa aka fara buga shi ba.

Sa'an nan a gangara bakin kogi. Ruwan nan daga ƙasar Kano ya ke tasowa, ya ratsa fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da na Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Da shi a ke noman shinkafa, da shi a ke kamun kifin da a ke bandawa a kai har Kudu, da shi Fulani ke shayar da shanu da rani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe magudanai da dama, wasu wurare suka bushe wasu suka nutse, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Haɗejiya. Yaron da ya tashi a birni yana cin shinkafa bai san daga ina ta fito ba, a nan zai ga manomin da ya noma ta da irin hasarar da ya kan yi. Baƙon da ya zo da ɗan abin hannu kuma a nan zai gane wa ya fi cancanta da shi cikin dangi, tsakanin maroƙin ƙofar fada da gwaggon da ruwa ya ci gonarta.

Idan Salla ta faɗo da hunturu, mai hali ya ɗauki mota ya kai su Baturiya a ƙasar Kiri Kasamma, inda tsuntsaye ke sauka bayan sun ƙetare teku da Hamada daga ƙasashen Turai, su yi watanni sa'an nan su koma. Idan kuwa da damina ta zo, hanyar fadama ba ta da tabbas, sai a tsaya a bakin gada a kalli masunta da kwalekwalensu, a sayi bandar kifi a ƙulla wa baƙi cikin kayan da za su koma da su.