Tururuwar Gona da Tururuwar Dutse

Littafin Misalai, sura 6, yana aika da rago wurin tururuwa domin ya koyi hikima. Amma bari mu tambayi kanmu, wace tururuwa ce? Gama masana sun ƙidaya fiye da iri 13,000 a duniya. Mu ma mun san waɗansu da sunayensu: tururuwa mai jidar hatsi, da cinnaka mai cizo, da kiyashi mai bin mai, da kwarkwasa mai tafiya rundu-runduna.

Bari mu duba ƙasar Abuja. Tun kafin a keɓe ta a 1976, Gbagyi suna noman doya da dawa a gindin duwatsunta. Sa'ad da aka mai da ita babban birni a 1991, gonaki da gine-gine suka yi ta cin jeji. Wanda ya hau tuddan Bwari ya ɗaga dutse, ko ya tone busasshen ganye, zai tarar da iri dabam dabam, kowane da mazauninsa. A gonar da ake huɗa kowace shekara, ana ƙone ciyawa, ana fesa magani, sau da yawa masu jimiri ne kaɗai sukan ragu.

Manomi zai ce, "Ina ruwana da ƙwaro? 'Ya'yana suna jiran tuwo." Lalle yana da gaskiya, gama yunwa ba abin wasa ba ce, tururuwa kuwa takan kwashe iri. Duk da haka ramukanta ne ke buɗe ƙasa ruwa ya shiga. Jajayen nan masu ɗinke ganyen mangwaro suna korar ƙudan da ke ɓata 'ya'yan itacen. Waɗansu kuma gara ce abincinsu.

Amma idan saboda amfani kaɗai muka bar su, ina rabon na kan dutse, waɗanda ba su taɓa yi mana aiki ba? A nan ne ake gwada zuciyarmu. Ba mu ne muka yi su ba, ba mu kuwa iya mayar da iri ɗaya da ya ɓace. An ba mu ikon noma. Ba a ba mu ikon shafewa ba. Sai mu yi noma da ƙwazo, mu bar gefen gona da kan tudu su huta. Mun saba cewa in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike takan yi. Kada ƙarfinmu ya zama mana fiffike.

Tambaya domin tunani: Wane abu ne muke rainawa domin bai amfane mu ba?