Kundin Masu Rinjaye Ko Kundin Kowa?

Idan al'umma ta ga cewa da bakin bindiga aka ɗora mata kundin tsarin mulkinta, babu mai musun cewa tana da iko ta sake shi. Tambayar da ta fi wuya ita ce wannan: waɗanda suka sami rinjaye a ranar da aka zauna rubutu, daidai ne su zuba dukan abin da ransu yake so a ciki? Abin da ya faru a ƙasar Chile, a Kudancin Amurka, daga 2019 zuwa 2023, ya isa a tsaya a yi tunani a kansa.

Janar Augusto Pinochet ya ƙwace mulkin Chile a 1973, a 1980 kuma gwamnatinsa ta kafa kundin tsarin mulki. Ko da yake mulki ya koma hannun farar hula a 1990, aka kuma yi wa kundin gyare-gyare masu yawa, musamman a 2005, mutane da dama ba su daina ganin tabon soja a jikinsa ba. A watan Oktoba na 2019 ƙarin kuɗin jirgin ƙasa a birnin Santiago ya tayar da zanga-zanga wadda ta game ƙasar. Domin a kwantar da hankali, jam'iyyu suka yarda a tambayi jama'a. A Oktoba 2020 kimanin kashi 78 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a suka ce a rubuta sabon kundi.

Aka zaɓi wakilai 155, maza da mata kusan daidai wa daida, aka keɓe kujeru 17 domin ƙabilun asali. Masu ra'ayin mazan jiya ba su sami ko kashi ɗaya bisa uku na kujerun ba, saboda haka ba su da ikon tsayar da kome. Masu neman sauyi suka rubuta daftari mai sassa 388, wanda ya soke majalisar dattawa ya sa wata a madadinta, ya kuma amince wa ƙabilun asali da tsarin shari'a nasu. Ranar 4 ga Satumba 2022 kimanin kashi 62 cikin ɗari suka ƙi shi.

Sai reshe ya juye da mujiya. A zaɓen Mayu 2023 masu ra'ayin mazan jiya ne suka cika sabuwar majalisar rubutun, su ma suka rubuta abin da ya gamshe su. Ranar 17 ga Disamba 2023 kimanin kashi 56 cikin ɗari suka ƙi wannan ma. Bayan shekara huɗu ana fama, kundin 1980 ne ya ci gaba da aiki.

Wani zai ce jama'ar Chile ba su san abin da suke so ba. Amma wanda ya duba da kyau zai ga hukunci ɗaya suka yanke sau biyu. Kowane ɓangare ya ɗauki nasarar zaɓe ɗaya tamkar izini ne ya ɗaure ƙasa da ra'ayinsa har tsararraki masu zuwa, jama'a kuwa suka ƙi ba da wannan izini.

Dalilin yana cikin bambancin da ke tsakanin doka da kundi. Dokar da majalisa ta yi bana, majalisar da za ta biyo baya tana iya soke ta. Kundi kuwa da gangan ake tsaurara hanyar taɓa shi, gama shi ne alkawarin da ya sa wanda ya faɗi zaɓe yake komawa gida da salama, yana da tabbacin cewa ransa da dukiyarsa da 'yancinsa ba su faɗi tare da shi ba. Idan aka cusa manufofin jam'iyya ɗaya a cikinsa, wanda ya faɗi ya rasa wannan tabbaci, ba shi kuwa da sauran dalilin girmama kundin. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mai rubuta kundi ya kamata ya auna kowane sashe da tambaya guda: in gobe abokin hamayyarsa ne yake riƙe da wannan iko, zai iya kwana da kwanciyar rai?

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan wannan ra'ayi. In sai kowa ya yarda kafin a sake kundi, ashe waɗanda suke cin moriyar zalunci an ba su mabuɗin ƙofa ke nan, ba kuwa za su taɓa buɗewa ba. Wannan gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Sai dai Afirka ta Kudu ta nuna akwai hanya. Kafin zaɓen 1994, jam'iyyar ANC da gwamnatin wariyar launin fata da sauran jam'iyyu suka amince da ƙa'idodi 34 waɗanda dole sabon kundi ya kiyaye. ANC ta ci zaɓen da babban rinjaye, duk da haka sa'ad da Kotun Tsarin Mulki ta mayar da daftarin farko a Satumba 1996 domin ya saɓa wa wasu ƙa'idodin, aka koma aka gyara. Nelson Mandela ya sa hannu a kai a Sharpeville ranar 10 ga Disamba 1996. An kawar da wariya gaba ɗaya, ba a yi ciniki a kan daidaiton mutane ba, amma masu rinjaye sun yarda a sa wa ikonsu iyaka. Haƙƙin da ya shafi mutuncin kowa aka kafa cikin kundi, sauran gardama aka bar wa zaɓe.

Wannan batu bai yi nisa da Nijeriya ba. Kundin 1999 ya buɗe da sunan jama'a, alhali kuwa gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa shi da doka mai lamba 24. Saboda haka kiran a sake shi bai taɓa yankewa ba, har aka yi babban taron ƙasa a 2014. Masu wannan kira suna da hujja. Amma munin asalin tsohon kundi bai isa ya wanke duk abin da za a kawo a madadinsa ba. A ƙasar da kowace ƙabila da kowane addini suke da rinjaye a wani wuri, suna kuma 'yan tsiraru a wani, kundin da ɓangare ɗaya ya rubuta domin kansa zai bar rabin ƙasa cikin fargaba.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Duk wanda aka damƙa wa alƙalamin rubuta kundi, amana aka ba shi ta mutanen da ba su zaɓe shi ba, da ta 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Amincinsa zai bayyana a sassan da ya rubuta domin kāre maƙwabcin da ba ya goyon bayansa, da kuma abubuwan da yake da ikon rubutawa amma ya haƙura ya bar wa masu zaɓe na gobe.