Tsakanin Fari da Baƙi Akwai Wankan Tarwaɗa

Labarin Bayajida ya raba ƙasashe gida biyu: Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Kano, Katsina, Gobir da 'yan'uwansu su ne 'ya'yan halak. Kabi da Zamfara kuwa, duk da Hausar da ke bakinsu, aka jefa su cikin banza. Kabin nan fa ita ce ta Kanta, wanda ya gagari Songai a ƙarni na 16. To Damagaram da Adar fa? Ba su nan, ba su can, ga su kuma cike da Hausawa.

Rabon gida biyu yana da sauƙin riƙewa, shi ya sa muke son sa. Sai dai mai rabon kullum a ɓangaren kirki yake ajiye kansa. Ina jin haka a shirin kiran waya da nake gabatarwa: in ka soki gwamnati kai maci amana ne, in ka yaba an saye ka. Mai cewa an gyara hanya amma hatsi ya yi tsada ba ya samun mazauni, alhali ya fi kowa kusa da gaskiya.

Gaskiya da ƙarya dai suna nan, kuma ba sa haɗa hanya. Amma ko malaman fiƙihu hukunci biyar suka lissafa: tsakanin wajibi da haram akwai mustahabbi, halal da makaruhi. In shari'a ta bar fili a tsakiya, jama'a, don me za mu hana maƙwabcinmu wurin tsayawa?