Ba Don Gizo Ba

A mako guda 'yata mai shekara huɗu ta faɗa mini abu biyu da ba su faru ba. Ran Talata ta ce ta ga kura a bayan randa, har ta ba ta tuwo ta ƙi ci don babu man shanu. Ran Juma'a kuwa na tarar da gwangwanin madara a buɗe, leɓenta ya yi fari fat, ta dube ni ta ce mage ce ta sha. Mu kuwa ba mu da mage.

Kakarta ta ce duk ɗaya ne, ƙarya ƙarya ce, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda da tanƙwarawar, amma a ganina abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Labarin kura bai nemi in gaskata shi ba, kirana ta yi in shigo wasa. Na mage kuwa ta shirya shi ne don in yarda da abin da ita kanta ta san ba haka yake ba. Niyya ce ta raba su.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suka yi wa tatsuniya ƙofar shiga da ta fita. A buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya. Tsakanin ƙofofin nan kura tana magana, babu wanda aka yaudara. Yaron da aka tsawata wa don ya ga kura a bayan randa, hikimarsa aka dakushe. Abin da yake bukata a nuna masa ƙofar. Yanzu idan ta fara, nakan tambaye ta: "Wannan tatsuniya ce ko da gaske?" Takan yi dariya ta faɗa.

Maganar madara ita ce mai wuya, don hannu yakan riga tunani kai wa ga bulala. A shekarar 2011 Victoria Talwar da Kang Lee sun wallafa binciken da suka yi a makarantu biyu a Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Yaran makarantar da ake duka sun fi yawan musun laifinsu, sun kuma fi iya ɓoye ƙaryar. Wato idan faɗin gaskiya duka yake jawowa, yaro ƙwarewa yake yi. Don haka ban tambaye ta wa ya sha ba, tunda na sani. Na ce, "Na ga madara a bakinki, zo mu rufe gwangwanin." Ta sunkuyar da kai ta ce kaɗan ta lasa. Na yaba mata a kan wannan, sannan muka yi maganar taɓa abu ba izini.

Saura mu manya. Mu ne masu cewa allura ba zafi, mu tura yaro ɗauko takalmi mu sulale, mu aike shi ya ce wa baƙo ba ma nan. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi da alƙawarin za ta ba shi abu, Annabi (SAW) ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Jiya da zan fita ta riƙe rigata. Na buɗe baki zan ce yanzun nan zan dawo, sai na tuna mage. Na ce sai bayan magariba. Ta yi kuka sosai, na kuma dawo bayan magariba.