Bashin da Aka Goge, Na'ura Ta Dawo da Shi

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya zauna da gindinsa a kudancin Kano, kuma duk inda noman rani ya kafu bashi yakan kafu tare da shi, domin manomi yana bukatar taki da iri da man injin ban ruwa tun kafin ya ga buhun shinkafa ko kwandon tumatir. Mai shago a Rurum Sabon Gari, da takwarorinsa na Rano da Kibiya, sun daɗe suna rubuta waɗannan basussuka a littafi, wani da boko wani da ajami, bisa horon aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma. Yanzu da littafin ya fara komawa cikin waya da kwamfuta, wata mas'ala ta taso wadda ta cancanci malamanmu su zauna a kanta.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, idan aka danna gogewa a rumbun bayanai na kasuwanci, galiban rubutun ba ya gushewa nan take. Alama kawai na'urar take sa masa cewa wurinsa ya zama fanko, alhali kuwa tana da wani kundi dabam inda take lissafa kowane canji, da lokacinsa, sau da yawa har da sunan wanda ya shiga ya yi shi. Manhajar Salesforce tana riƙe abin da aka goge kwana 15 kafin ta hallaka shi, Oracle kuma tana da kwandon ajiya wanda ake ciro jadawali sukutum daga cikinsa, ko da yake abin ba shi da tabbas kullum, tun da a Janairun 2017 kamfanin GitLab ya rasa bayanan kusan awa shida bayan wani ma'aikacinsa ya goge rumbun bisa kuskure. Wanda ya tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016, ya kuma san cewa wuta ba ta bambanta haja da littafin bashi, ba zai yi jayayya ba cewa wannan fasaha ni'ima ce daga Allah.

To, amma a ƙaddara wani attajiri mai sayar da taki ya ga ambaliya ta cinye gonar maƙwabcinsa, tausayi ya kama shi, sai ya kira shi gefe ya ce, "Malam, je ka, na yafe maka saboda Allah," ya goge sunansa, bai gaya wa kowa ba domin yana neman ladan sadaka ta ɓoye. Bayan ya rasu, magada suka kira masanin kwamfuta ya dawo da duk abin da aka goge, sai ga sunan manomin da adadin kuɗin sun bayyana kamar ba a taɓa su ba. Shin wannan bashi ya dawo?

A tsakaninsa da Allah bai dawo ba, domin fuƙaha'u sun tabbatar cewa haƙƙin da mai shi ya sauke ba ya komawa, kuma a mazhabar Imamu Malik yafe bashi ga wanda ake bi hukuncinsa hukuncin kyauta ne. Sai dai alƙali da zahiri yake hukunci, kuma nan ne wahalar take. Na'urar ta dawo da harafi da adadi, amma ba ta da hanyar dawo da niyyar da ta sa aka goge su. A wurinta gogewar kuskure, da gogewar yaron shago maha'inci, da gogewar da ta biyo bayan biya, da gogewar mai neman rahamar Ubangiji, duk abu guda ne. Manomin kuwa, da zarar ya amsa cewa ya ci bashin amma an yafe masa, ya zama mai da'awa, hujja ta hau kansa, ga shi shaidarsa tilo yana kabari. Magada ma ba za a ce sun yi zalunci kai tsaye ba, musamman idan akwai marayu a cikinsu, domin wasiyyi ba shi da ikon yin kyauta da dukiyar maraya a kan zato.

Ra'ayina shi ne, rubutun da aka tono daga shara bai kai darajar rubutun da mai shi ya bari a tsaye ba. Malikiyya sun karɓi shaida a kan rubutun hannu saboda hannu yana nuna mai shi. To, gogewar da ta fito daga hannun mamacin ita ma aikinsa ce, kuma ƙarina ce mai ƙarfi da take goyon bayan manomin. Saboda haka wajibi ne a tambayi masanin kwamfutar abin da magada ba su cika tambaya ba, wato wa ya goge, kuma yaushe. Idan kundin ya nuna cewa da wayar mamacin aka yi, suna ɗaya tak aka cire, a makon da ruwa ya ci gonaki, to maganar manomin ta sami madogara. Kwanan watan ma yana da nasa hukunci, domin yafewar da mutum ya yi yana da lafiya tana zartuwa baki ɗaya, wadda ya yi a ciwon ajali kuwa daga sulusin dukiyarsa ake fitar da ita, sai in magada sun yarda da abin da ya haura.

Ga 'yan kasuwarmu da ke raye kuwa, ina roƙonsu da su daina yafe bashi ta hanyar gogewa. Galibin manhajojin lissafi suna da wurin da za a rubuta cewa an sauke wannan kuɗi, a sa rana, a aika wa wanda aka yafe wa saƙo ya ajiye a wayarsa. In kuma ana gudun riya, liman da mutum ɗaya adali sun isa su ji, ba sai an sanar da kasuwa ba.