Ƙirga mamatanmu ba jayayya da ƙaddara ba ne

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, akwai makon da za mu yi a nan Kubwa ba mu sallaci gawa ko ɗaya ba. Akwai kuma makon da ba a gama zaman makokin wani ba sai a kira waya daga gida, Kano ko Katsina ko Gusau, a ce wane ma ya cika. Mukan ce "bana ana mutuwa", mu yi addu'a, mu koma shago. Amma da za a tambaye mu mutum nawa muka binne a watan Afrilun bara, nawa a na bana, waye a cikinmu zai iya amsawa?

Mu tuna Kano a Afrilun 2020, dab da azumi. Masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa. Aka yi ta musu, wasu na cewa korona ce, wasu na cewa zafi ne ko zazzaɓi. A waɗannan makonni aka rasa Farfesa Ibrahim Ayagi, aka rasa Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila, da dattawa masu yawa, Allah Ya jiƙan su. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, har ta kai mutum 43 a rana, alhali a da kusan 11 ne. Ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da alaƙa da korona. Ta yaya aka gano? Sai da aka bi maƙabartu da gidaje ana tambayar iyalai. Kafin lissafi ya fito, an riga an binne mutanen.

A wasu ƙasashe ba a jira haka. Ingila tana fitar da adadin mamata duk mako. Afirka ta Kudu ma haka suka yi a lokacin korona, suna kwatanta kowane mako da irinsa na shekarun baya. Da wannan suka gane cewa mutuwar da ta ƙaru a shekarun korona ta kai wajen 300,000, alhali wadda aka rubuta da sunan cutar wajen 100,000 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 an samu ƙarin mutuwa miliyan 14.9 a duniya. Mu a Najeriya, kusan ɗaya ce cikin goma ake yi wa rajista. Sauran taran, iyali da maƙwabta ne kaɗai suka san da su.

Wani zai ce: "Malam, ajali fa ba ya wuce lokacinsa, ƙirgan na mene ne?" Gaskiya ne, babu rai da zai ƙara ko daƙiƙa ɗaya. Amma mu dubi Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. Yana hanyar Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Labari ya samu, ya yi aiki da shi. Wanda bai san an fara mutuwa ba, ta ina zai yi rigakafi?

Kuma cututtuka suna da lokutansu, mun sani. Sanƙarau da zafi yake zuwa. Amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro sun fi ƙarfi da damina. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a ƙasar nan. Zafin rana kansa yana kisa: a Bamako, asibitin Gabriel Touré ya ga mutuwa 102 a kwana huɗun farko na Afrilun 2024, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗaya 130 ne. Ga haɗurran mota a hanyar Kaduna duk lokacin tafiya sallah.

Saboda haka kwamitin masallaci ya buɗe littafin jana'iza. Duk wanda aka sallata a nan, ko aka kai Gudu, ko aka tafi da shi gida, a sanar da sakatare: rana, shekaru, namiji ko mace, kwana nawa ya yi yana jinya, da irin ciwon idan iyali sun yarda su faɗa. Sirrin kowa amana ne a hannunmu. Duk Juma'a za mu duba. Idan muka ga yara biyu ko uku daga layi ɗaya, ko ciwo iri ɗaya ya maimaitu, mu sanar da jami'an lafiya tun wuri, mu duba rijiya da ruwan da ake saye.

Na biyu, don Allah a riƙa karɓar takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Mu 'yan kasuwa ne, kuɗinmu na banki, shagunanmu na haya. Mun ga marayu suna yawo wata da watanni ba su iya taɓa kuɗin mahaifinsu ba, saboda babu takarda. Rabon gado farilla ne, kuma ba a raba abin da ba a samu ba.

Na uku, wanda gidansa ke da maras lafiya kada ya jira sai ta yi tsanani kafin a je asibiti. Mu ma wata rana layi ɗaya za mu zama a littafin nan, mu gyara tun muna da dama.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da imani. Amin. A yi Juma'a lafiya.

Sakataren masallaci, a madadin kwamiti